Yadda ake gyaran tsohon gidan ƙauye in kuɗin hannunka ba su da yawa

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya dawo birni neman abinci ya san wannan damuwar. Gidan da aka haife ka yana can, tsofaffi sun rasu ko ƙarfi ya ƙare, katanga ta zube ta gefe ɗaya an tare da zana, soron Baba yana yoyo, duk damina sai an kira ka a waya ance wani bango ya faɗi. Kai kuma ba wani kuɗi gare ka ba, albashi ne ko 'yar kasuwa da ake lallaɓawa. Anan mutane da yawa suke cewa bari sai na samu kuɗi na rushe na yi na bulo gaba ɗaya, toh wallahi wannan jiran shi ke kashe gidajen nan, domin siminti kullum gaba yake yi, ruwan sama kuma duk shekara sai ya ci rabonsa. Ginin ƙasa in na asali ne mai kauri ana gyara shi da kuɗi kaɗan ya sake ɗaukar shekaru, hasumiyar Gobarau a Katsina da Gidan Makama a Kano da masallacin Agadas duk ƙasa ce, kulawa ce ta riƙe su. Sharaɗin dai ɗaya ne, kuɗinka su fara zuwa inda ruwa ke shiga kafin su je inda ido ke gani.

Mataki na 1: a gama maganar gado

Kar ka sayi ko ƙusa ɗaya sai an zauna. In gidan gado ne ba a raba ba toh ba naka bane kai kaɗai, akwai yayye da ƙanne, akwai mata da suka yi aure suna wani gari kuma haƙƙinsu yana nan, wani lokacin har 'ya'yan baffa. Ka tara su ko ka bi su ɗaya bayan ɗaya, a fito da magana fili: abin da zaka kashe sadaka ce ga gidan, ko bashi ne da za'a cire maka ranar rabo, ko kuwa ɓangarenka za'a yanka maka ka gyara? Duk wanda aka tsayar a rubuta a takarda, mai unguwa ko dagaci da liman su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, ka ɗauki hotonta a waya. Wasu na jin nauyin wannan suna ganin kamar rashin yarda ne, ni kuwa a ganina shi ke tsare zumunci, saboda gidan da ba wanda ya damu da shi yana kango ranar da ya sha sabon kwano kowa zai tuna yana da kaso.

A wannan zaman ne kuma zaka san waye zai zauna a ciki, domin gyaran gidan da za'a zo sallah kawai daban yake da na gidan da Inna zata zauna kullum.

Mataki na 2: ka je ka ga gidan ana ruwa

In da hali ka je cikin watan Agusta lokacin da ruwa ya kankama, ka kwana, ka tsaya ana tsaka da ruwa ka ga ina yake bi. Ina yake zuba daga rufi, ina yake kwanciya a tsakar gida, wane bango yake duka, rariya tana fitarwa ko ta toshe, ruwan maƙwabta yana gangarowa gindin katangarku ko a'a. Abin da zaka gani a awa ɗaya ana ruwa bazaka taɓa ganinsa da rani ba. Ka riƙe gawayi kana yin alama a bango, ka ɗauki bidiyo.

Sai ka nemo tsohon magini na garin, wanda ya san tubali da azara, ba yaron birkila da bulo kawai ya tashi ya gani ba, shi wannan duk abin da ka nuna masa cewa zai yi a rushe. Da tsohuwar zuma ake magani. Ku zaga tare da tocila da sanda da igiya mai ɗan dutse a ƙasa. Ku fara da gindin bango, nan ne gini ke mutuwa, in ka ga ƙasan ya zaizaye ya shige ciki ko yana gumi ko farin gishiri na fitowa ka yi alama. Ku ƙwanƙwasa bango da sanda, inda ya yi ƙarar fanko toh ko yaɓe ya saki ko gara ta cinye ciki. Ku soki bakin azara daidai inda ta shiga bango da wuƙa, a nan take ruɓewa, tsakiyarta zaka ga kamar lafiya lau. Igiyar kuma ku sake ta daga saman bango ku ga ko ya karkata, bangon da ya sunkuyo har ido na gani babu maganar gyara, sauke shi za'a yi kafin ya faɗa kan yara.

Tsagewa iri biyu ce. Akwai ta fatar yaɓe wadda ba komai bace, akwai wadda ta ratsa bango daga sama har ƙasa musamman a kusurwa. Irin ta biyun ka shafa mata ɗan kwaɓaɓɓen siminti kamar faɗin tafin hannu ka rubuta kwanan wata a gefe, in bayan wasu makonni shafen ya tsage toh bangon yana motsi har yanzu, matsalar a tushe take, in kuwa bai tsage ba tsohuwar tsagewa ce ta riga ta zauna, ɗinki kawai take so.

Mataki na 3: ka rage buri, ka raba kuɗi

Gidan da yake da ɗaki takwas ba dole bane ka ceci takwas ɗin. Ka zaɓi biyu ko uku mafi lafiya, da zaure in yana tsaye, da banɗaki, da katanga. Sauran waɗanda suka yi nisa a sauke su a hankali, su ne zasu baka kayan gyaran na farkon. Ka samu littafi guda na aikin nan kawai, ka jera: rufi, gindin bango da hanyar ruwa, ɗinkin bango da yaɓe, banɗaki, ƙofa da taga, daɓe, wuta, fenti. Haka jerin yake kuma haka kuɗi zasu bi, in sun ƙare a na huɗu sai a tsaya a na huɗu a jira baɗi, gidan bazai lalace ba tunda ruwa ya daina shiga. Kuma ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar ka ɓoye kar ka faɗa wa kowa, tsohon gida sai an buɗe ake ganin ciwonsa, za'a ɗaga kwano a tarar da katakon da kace za'a sake amfani da shi ya zama gari.

Lokacin aiki kuwa bayan kaka ne, daga Nuwamba zuwa Janairu ko Fabrairu. Mutane sun gama aikin gona akwai hannu, kududdufi bai ƙafe ba akwai ruwan kwaɓi kyauta, ga ciyawa da kara ko'ina. In ka bari sai Afrilu ruwan kwaɓi ma saya zaka yi jarka-jarka, ga hadari na iya tasowa rufi a buɗe.

Mataki na 4: shara da ware kaya

Kafin kowa ya shiga ɗakin da ya daɗe a rufe a buɗe shi ya sha iska, a sa takalmi mai rufi, a dinga ɗaga kaya da sanda saboda maciji da kunama. In jemagu sun zauna a yayyafa ruwa kafin a share kashinsu kuma a ɗaure hanci, ƙurar tana da illa ga huhu. Haka in akwai tsohon silin na asbestos, kar a fasa shi kar a yanka da zarto, a jiƙa shi a cire shi ɗungurungum, kar a bar yara su yi wasa da ɓaraguzansa.

Dan Allah kar a zubar da komai sai ka gani. Ƙasar tsohon bango da aka sauke ta fi sabuwa, ta riga ta tsimu, a tara ta gefe guda a farfasa a jiƙa. Azara mai lafiya a jingine ta a inuwa, yanzu giginya ta yi wuya kuma da tsada. Tsohon ƙyaure, tubalin da bai fashe ba, fallen kwano ko da mai huji ne zai yi rumfar awaki ko ɗakin girki.

Mataki na 5: rufi

Nan ne rabin kuɗinka zasu tafi kuma kar ka ji ciwo.

In soro ne, a hau sama da safe mutum ɗaya ko biyu marasa nauyi, bayan an tokare ciki da itace. Matsalar yawancin tsofaffin soraye ita ce duk shekara ana ƙara ƙasa a kan ƙasa don toshe yoyo har nauyi ya fi ƙarfin azara ta lanƙwashe, tsakiya ya zama kwari ruwa ya dinga kwanciya. Don haka ba ƙari za'a fara yi ba, ragewa za'a yi. A kankare ƙasar da ta yi yawa, inda azara ta ruɓe a buɗe har kanta a canza, azarar namijin giginya ita ake nema, mai baƙi-baƙi mai nauyi, ita gara bata cika yi wa komai ba. Ka tuna azara ɗaya ba a son ta tsallake fili fiye da kamar ƙafa 6 babu tallafi, shi ya sa zaka ga magina na da sun jera gajeru a saman bango suna leƙowa kaɗan-kaɗan kafin su ɗora dogaye, in maginin ka yace a kwaikwayi yadda aka tarar ka bi shi. Bayan azara sai zana ko asabari, sai ƙasa siriri, a shimfiɗa leda mai kauri baki ya hau kan baki sosai, sai ƙasar ƙarshe a daɓe ta da gangare zuwa bakin indararo, a shafe da makuba, wato ruwan jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa. Indararon ya zama dogo yana watsa ruwa nesa da bango, kuma a liƙe wuyansa da kyau domin ta nan ruwa ke satar hanya ya shiga cikin bango ba a sani ba.

In kana da ɗan ƙarfi, abin da na fi so shi ne a bar soron yadda yake a ɗora masa kwano a sama. Ka samu sanyin soro da bazara, ka samu ɗuminsa da hunturu, ba kuɗin silin, ba ƙarar ruwa, kuma ka huta da hawa sama duk shekara. Ni ban ga dalilin da za'a fasa soro mai lafiya a sa kwano da silin ba, ɗakin da tsohuwa ke barcin rana a ciki a watan Afrilu sai ya zama ba ya shiguwa.

In kuma dama kwano ne, ba lallai a canza duka ba. A shiga ɗaki da rana a rufe ƙofa a kalli sama, duk inda haske ya leƙo a yi alama. Ƙananan huji ana liƙe su da kwalta da ƙyalle ko wannan filasta mai kwalta da ake sayarwa a shagon kayan gini, fallen da tsatsa ta cinye a cire. Bandir ɗaya falle 20 ne, ka ƙirga abin da kake buƙata da kanka, kar ka sayi mafi arha ɗin nan mai kamar takarda, gara ka sayi tsohon kwano mai kauri na hannu da sabo marar jiki. Katako kuwa duk wanda zai hau sama a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai tun yana ƙasa, a bar shi ya sha.

Abu biyu ne kafinta zai so ya yi maka ha'inci ko ganganci a kansu, ka tsaya a kai. Na ɗaya bakin kwano ya fito waje aƙalla ƙafa 2 daga bango, musamman ta gabas inda hadari ke tasowa ruwa ke dukan gini, ƙarin falle biyu ko uku ne amma shi zai hana ka yaɓe duk shekara. Na biyu ɗauri. Iskar farkon damina ita ke yaye rufi a ƙauye, kuma ginin ƙasa baya riƙe ƙusa, don haka a huda bango ƙasa da samansa da kamar ƙafa 2 zuwa 3 a zura langa-langa ko waya mai kauri a naɗo ta kan katakon a ɗaure tam, kowace kusurwa da tsakiya. Ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano ba ɗauri bane.

Mataki na 6: gindin bango da hanyar ruwa

Wannan aikin kusan ƙarfi ne kawai ba kuɗi ba, amma shi aka fi mantawa. Tsakar gida a cike ta da birji a yi mata gangare zuwa rariya, a buɗe rariyar a faɗaɗa ta a zagaye bakinta da siminti ko a sa guntun bututu. A waje a tono 'yar kwata ta janye ruwa daga katanga, ka yi magana da maƙwabci tukuna kar ka tura masa ruwa gindin nasa ginin. Duk inda indararo ke zuba a jera duwatsu don kar ruwa ya tona rami ya dinga fantsama bango.

Inda gindi ya zaizaye kar a tone shi gaba ɗaya lokaci guda, bango zai zauna. A dinga yi gaɓa-gaɓa kamar ƙafa 3, a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar har a kai mai ƙarfi, a yayyafa ruwa, a cusa tubali ko duwatsu da kwaɓi a matse, a tsallake a yi wata gaɓar can gaba, sai ta bushe a dawo ta tsakiya. Bayan nan a zagaye ginin da ɗan dakali mai gangare zuwa waje. In siminti buhu biyar kawai kake iya saya a duk aikin nan, toh a wannan dakalin da banɗaki ya kamata su ƙare. Kuma a matsar da randa da wurin wanke-wanke da turken dabbobi daga jikin bango, fitsarin awaki yana cin ginin ƙasa fiye da yadda mutane ke zato.

Mataki na 7: ɗinki da yaɓe

Tsagewar da ta zauna a buɗe bakinta da diga kaɗan, a share ƙura, a jiƙa. A sassaƙa gurbi a kwance yana ratsa tsagewar duk bayan kamar ƙafa 2, a kwantar da guntun azara a ciki a cike da kwaɓi, shi ne ɗinkin. Ciko kuma kaɗan-kaɗan ake yi ana bari yana shan iska, in aka cusa da yawa lokaci ɗaya zai ja ya sake buɗewa.

Kwaɓin yaɓe ba na rana ɗaya bane. A haɗa tsohuwar ƙasar nan da sabon birji da amalanke zata kawo, a zuba ramno ko yankakkiyar ciyawa, wasu na ƙara kashin doki ko na jaki, a tattake da ƙafa a rufe a bar shi ya tsimu kwanaki ana juyawa ana ƙara ruwa. Magini ya fara gwadawa a ɗan wuri ya kwana biyu, in ya tsattsage yumɓu ya yi yawa a ƙara yashi, in yana zubowa in an goga hannu yashi ya yi yawa. A kankare tsohon yaɓen da ya saki, a jiƙa bango, a yi shafi na farko mai kaushi, ya bushe, a yi na biyu. Da hunturu iska na busar da shi da sauri ya fashe, don haka a yi da yamma ko a jingina zana ta kare shi. A ƙarshe makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake dakawa a jiƙa, ruwan nan ja shi ake kwaɓa shafin ƙarshe da shi ko a yayyafa, yana sa ruwa ya dinga zamewa. Da akwai laso ma da ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, ya fi makuba daɗewa, in garinku har yanzu akwai wanda ya iya haɗa shi ka riƙe shi da kyau, a yi maka ko a kan rawanin soro da bangon gabas kawai.

Yanzu maganar da kowa ke tambaya, a yi wa ginin ƙasa fulasta da siminti? Ka zaga kowane ƙauye zaka ga amsar, bangaye sun kumbura fulasta na ɓallewa falle-falle. Siminti da ƙasa basa kama juna, zafi ya buɗa su sanyi ya tsuke su kowa da nasa, in ya ɗan tsage ruwa ya shiga baya kuma ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, gara ta samu hanya ba mai ganinta, kai kana ganin bango sumul alhali ciki ya ruɓe. In ka nace sai ka yi, toh a kafa ƙusoshi a ja wayar kaji a jikin bangon tukuna, kwaɓin kuma kar ya yi ƙarfi da yawa, buhu ɗaya mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, wato kwanon nan da leburori ke ɗiban yashi da shi, a bashi yashi kwano 12 ko sama, a dinga bashi ruwa safe da yamma har mako. Wata hanyar mai sauƙi ita ce a sa siminti kaɗan cikin ƙasa mai yashi, kwano ɗaya cikin 10 zuwa 12, amma banda ramno da kashin dabba a wannan haɗin, kuma a yi amfani da shi nan take. Cikin ɗaki kuwa yaɓen ƙasa mai laushi da farar ƙasa ya wadatar.

In akwai zanen dagi ko wani ado a fuskar zaure, ko zanko a saman soro, dan Allah a bi shi a gyara kar a shafe. Masu iya wannan suna ƙarewa.

Mataki na 8: gara

A bi hanyarta har gidanta, in akwai suri a cikin gida ko bayan katanga a tone shi har a fito da uwar, in ba haka ba duk maganin da ka zuba dawowa zata yi. A tone tsofaffin kututture, a ɗauke itacen girki da kara daga jikin bango. Maganin gara na shagon kayan noma a bi abin da aka rubuta a jikin kwalba, mai zubawa ya rufe hanci da hannu, a nisanta shi da rijiya da rumbu da kaji, kwalbar kuma a fasa ta a binne kar wani ya ɗauka ya zuba mai ko ruwa.

Mataki na 9: banɗaki da rijiya

Tsohon masai da aka rufe da itace da ƙasa shekara da shekaru haɗari ne na gaske, yana ruftawa da mutum, musamman da damina. Kar a tsaya gyara shi, a cike shi a haƙa sabo. Sabon ya yi nisa da rijiya kamar mita 30 in fili ya bada dama, kuma ta ɓangaren gangare ba ta sama da rijiya ba. A ɗaure bakin ramin da bulo, murfin a zuba shi da kankare da rodi a bar shi yana shan ruwa aƙalla mako kafin a taka, a sa bututu mai inci 4 ya wuce saman rufi a ɗaure bakinsa da raga, wari da ƙuda zasu ragu sosai. Wurin wanka a yi masa daɓen siminti da ramin da ruwa zai dinga nutsewa nesa da katanga, ruwan wanka shi ke kada katangar bayan gida a gidaje da yawa.

Rijiyar da ta daɗe a rufe kar ka tura yaron gida ya shiga yasa, iskar ciki tana kashewa cikin mintuna, kuma wanda ya bi don ceto shi ma ya tafi. A kira masu sana'ar, a bar ta a buɗe ta sha iska, kuma kar a kuskura a sauke injin ban ruwa ko janareta cikinta. In an gama a ɗaga bakinta a yi mata murfi.

Mataki na 10: ƙofa, taga, daɓe, wuta

Nan sayen na hannu yake da riba. Ƙofofi da tagogin ƙarfe da aka ciro daga gidajen da aka rushe suna nan a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, katako kuma 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, kowane babban gari dai yana da irin nasa. Ka auna gurbin da igiya ko tef ka tafi da awon, a sayi ƙofa daidai gurbi, ba a fasa tsohon bango don ƙofa ba. In zaka buɗe sabuwar taga ta zama ƙarama, nesa da kusurwa, a fara sa azara ko katako mai kauri a sama kafin a huda ƙasa, a sa mata raga saboda sauro.

Daɓe in kuɗi sun ja baya a yi na gargajiya, birji da tsakuwa da ruwan makuba, matan unguwa sun san aikin, a shimfiɗa leda ko tabarma a kai. In na siminti ne a fara daddaɓe ƙasan sosai, siminti ɗaya yashi uku tsakuwa shida, kaurin inci 2 zuwa 3. Tayil bari sai gaba.

Wuta kar a sassaƙe bango don binne waya, a bi ta sama cikin bututun roba, tsofaffin wayoyin da ɓera ya ci a cire su duka. In garin ba NEPA ƙaramin sola mai ƙwai uku ko huɗu da wurin cajin waya ya isa farawa.

Mataki na 11: ma'aikata da kuɗi

Ka yi jinga ɗaki-ɗaki ko aiki-aiki, kar ka yi biyan yini in ba kana tsaye a wurin ba. A faɗi kuɗi gaban shaida, ka bada kafin alƙalami kaɗan, kashi na biyu in an kai rabi, cikon sai ka gani da idonka. Kaya kai zaka saya ko wanda ka yarda da shi, kuma siminti kar a saye shi tun da wuri a jibge, yana daskarewa, in an kawo a ɗora kan katako a rufe. In kana birni ka wakilta mutum ɗaya tak, kullum da yamma ya turo maka hoto ta WhatsApp, kuma ka bashi ɗan ladansa a fili, ya fi ka bar shi yana aikin Allah-ya-isa. Ɗebo ƙasa da tattaka kwaɓi da cike tsakar gida kuwa gayya zata yi, ka faɗa wa samarin dangi da abokan tasowa ranar da babu kasuwa, a dama kunu ko fura a yi tuwo mai nama, aikin mako sai ya tafi a yini.

Mataki na 12: farar ƙasa, sannan a sa mutum a ciki

Sai yaɓe ya bushe sarai ake shafa. Fenti mai mai kar ya taɓa bangon ƙasa, toshe shi yake yi ya kumbura ya ɓare, farar ƙasa ko fenti na ruwa mai arha shi ne daidai, mai man a bar wa ƙofa da taga saboda tsatsa.

In an gama kar a kulle a tafi da makulli birni. Ko ɗan uwa mai sabon aure, ko malamin makaranta da aka turo garin, a bashi ɗaki ɗaya ya zauna da sharaɗin shara da buɗe tagogi, wannan ma a rubuta cewa aro ne. Shi zai ga gara ranar da ta fara hawa, shi zai ji ɗigon farko. Sannan duk watan Afrilu kafin ruwan fari ka ware kuɗin yini biyu na magini, ya hau sama ya share indararo, ya liƙe tsagewar da rana ta buɗe, ya duba langa-langan ɗauri, ya sabunta makuba a bangon gabas, a yashe rariya da kwata. Abin da ya rage a jerin littafinka, ɗaki na uku ne ko daɓen siminti ko sola, sai ka ɗauko shi bayan kaka mai zuwa daga inda kuɗi suka tsaya.